Babi na Bakwai: Abin da Darbejiya da Tafarnuwa Za Su Iya a Gonar Tumatir

A ranar 10 ga Mayu, 2000, ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na ƙasashen Turai da ke birnin Munich a Jamus ya soke wata takardar mallaka da shi da kansa ya bayar a 1994. Masu takardar su ne kamfanin W.R. Grace na Amurka da Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙasar, kuma abin da suka ce su suka gano shi ne hanyar yaƙar fumfunar da ke kama amfanin gona da man 'ya'yan darbejiya. Indiyawa suka ce sam ba su yarda ba. Vandana Shiva, 'yar gwagwarmayar nan ta kare haƙƙin manoma, ta haɗa kai da wata 'yar majalisar Turai daga Beljiyam, Magda Aelvoet, da ƙungiyar masu noma ba da sinadari ba ta duniya, suka kai ƙorafi. Hujjarsu ita ce abin da aka daɗe ana yi a Indiya ba zai zama ƙirƙirar wani ba don kawai ya riga kowa zuwa ofis. Aka gabatar da shaidar cewa tun kafin a nemi takardar ana fesa darbejiya a gonakin ƙasar. Masu takarda suka ɗaukaka ƙara, a watan Maris na 2005 aka sake tabbatar da hukuncin farko.

Duk tsawon shekarun nan ba wanda ya miƙe ya ce man darbejiya ba ya aiki. Gardamar a kan wanda ya riga sani ce. Kamfani kuwa ba ya ɓatar da kuɗin lauya na shekara goma a kan abin banza.

Bishiyar da aka yi wa wannan shari'a ita ce ke ƙofar gidanmu, da bakin masallaci, da filin makaranta. Baƙuwa ce, asalinta ƙasar Indiya. Turawan mulkin mallaka suka kawo ta Gana, daga can aka kai ta lardin Barno a 1928, ta karɓi ƙasar har ta zama 'yar gida. A Nijar, tun daga 1975 aka shiga jera ta layi-layi a kwarin Majiya ta jihar Tawa domin tare iska daga gonakin hatsi. Kowace shekara 'ya'yanta suna zuba, yara su tsotse naman, a share sauran a kai juji. A daidai lokacin kuma manomin tumatir a Kadawa ko Ɗanja yana tsaye a shagon maganin feshi yana ciniki a kan ledar da farashinta ke bin dala.

Da sauƙi a tsaya nan a ce ga magani a gonar yaro, a daina sayen na kanti. Masu faɗin haka suna da yawa, kuma sun jawo wa manoma asara. Ruwan tsirrai, wato jiƙo ko man da ake tatsa daga tsiro a fesa, yana da aikin da yake iyawa a gonar tumatir, yana da wanda ko kusa ba ya iyawa, kuma manomin da bai san iyakar ba gara ma bai fara ba.

Wace cuta ce ta kama gonar?

Idan ganye ya ƙone, ko shuka ta yi yaushi, abin da akan ji a bakin gona shi ne "ciwo ya shiga". Amma ciwon tumatir ba ɗaya ba ne. Tsutsar nan da manoma ke kira sharon, wadda ta share gonaki a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, ƙwaro ce, 'yar malam-buɗe-littafi. Nannaɗewar ganye da tsumburewar shuka kuwa cutar bairos ce da farin ƙuda ke yaɗawa. Babu ɗaya daga cikinsu da maganin fumfuna zai taɓa. Namu batun a wannan babi fumfuna ce, dangin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, sai dai wannan a jikin shuka mai rai take ci.

Wadda ta fi yawa ita ce mai ɗigo-ɗigon ganye, wadda masana ke kira Altanariya. Daga tsofaffin ganyen ƙasa take farawa. Ɗigon ruwan ƙasa ne, idan aka duba shi da kyau za a ga zobba a cikinsa, wani cikin wani, gefensa kuma ya yi rawaya. Daga nan ta yi ta hawa sama tana zubar da ganye, har 'ya'yan su rasa inuwa rana ta dafa su. Irinta ƙura ce da ido ba ya gani, iska da fantsamar ruwa ke ɗauke da ita. Idan ta sauka a ganye mai laima, ba ta cika awa biyu ba take tsira, bayan wasu awanni ta huda fatar ganyen ta shige. Shi ya sa raɓar asuba da marka suke abokanta, kuma ta fi samun shukar da yunwar taki ta raunana ko wadda nauyin 'ya'ya ya gajiyar.

Akwai mai farin gari, wadda ba ta buƙatar ruwan sama, don haka take damun masu noman rani. Saman ganye ya yi tabo rawaya, idan aka juya bayansa a ga fari-fari. Akwai kuma mai kashe iri tun a gadon reno: jiya ka bar tsiro tsaye, yau ka tarar ya zube, gindin kowanne ya tsuke ya ruɓe daidai inda ya haɗu da ƙasa. Yawan ban ruwa da cunkushewar yafi ne ke kiran ta.

Sauran biyun su ne manya. Ɗaya ita ce Fusariyam, wadda ke zaune a cikin ƙasa, ta shiga ta saiwa ta toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Sau da yawa gefe ɗaya na shukar ke fara yin rawaya, ta yi yaushi da rana ta farfaɗo da dare, har ranar da ba za ta sake farfaɗowa ba. Idan aka tsaga karan, cikinsa ya yi ruwan ƙasa. Ɗayar ita ce Fitoftora, mai son sanyi da hazo, wadda manoman Filato da Mambila suka fi kowa sanin sharrinta a dankalin Turawa da tumatir. Ita ce ta ruɓar da dankalin ƙasar Ailan daga 1845, yunwa ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya, wasu miliyan suka yi hijira. Gona kore shar tana iya zama baƙa cikin mako guda ko kwana goma.

Wani gwaji mai sauƙi ya kamata kowane manomi ya sani, domin akwai yaushin da bakteriya ke kawowa mai kama da na Fusariyam. A yanko karan shukar da ta yi yaushi daga gindi, a tsoma bakinsa a kofin gilashi mai ruwa garai, a riƙe shi tsaye ba motsi. Idan bayan 'yan mintoci aka ga wani farin zare yana gangarowa daga karan, bakteriya ce. A nan ba na kanti ba na gida, sai tuge shukar a fitar da ita daga gonar.

Makamin da shuka ke ɗauke da shi

Shuka ba ta gudu, ba ta kai ƙara. Abin da Allah Ya ba ta na kare kai sinadarai ne: ɗaci, yaji, wari, ƙaiƙayi. Shi kansa tumatir yana da nasa, wani sinadari mai suna tomatin da ke cikin ganye da ɗanyun 'ya'ya, wanda ke fasa fatar ƙwayar fumfuna. Dalili ke nan da cikin dubban nau'in fumfuna da ke sauka a kansa, 'yan ƙalilan ne ke iya cin sa. Waɗannan 'yan ƙalilan kuwa sun san makamarsa. Fusariyam ɗin tumatir tana fitar da wani sinadarin da ke warware tomatin ya zama ba shi da dafi. Hikimar feshin ruwan tsirrai ke nan gaba ɗaya: a aro makamin wata shuka, wanda cutar ba ta saba da shi ba, a ɗora wa tumatir.

Tafarnuwa ta fi kowa bayyana yadda abin yake. Ƙwayar da ba a taɓa ba ba ta da wari sosai. Abubuwa biyu ne a cikinta, kowanne a ɗakinsa, sai an daka ta suke haɗuwa su haifi alisin, wanda wasu masana biyu a Amurka, Chester Cavallito da John Bailey, suka fara warewa a 1944. Alisin yana kashe bakteriya da fumfuna iri-iri, ƙarfinsa ba wasa ba ne. Amma ba ya daɗewa. Zafi yana lalata shi, ajiya tana lalata shi, kuma tafarnuwar da aka tafasa kafin a daka ta ba za ta haife shi ba ma. Mai dafa tafarnuwa a tukunya don ya yi "maganin feshi mai ƙarfi" miya yake fesa wa gonarsa.

Darbejiya ta yi suna ne ta hanyar ƙwari. A 1959 wani Bajamushe masanin ƙwari, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye duk wani kore ta bar darbejiya. A 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki, azadiraktin, wanda ke hana ƙwaro cin abinci ya kuma hana tsutsa rikiɗa. Sai dai a yaƙi da fumfuna ba shi ne jagora ba. Man ne da kansa yake lulluɓe ganye ya hana ƙurar cutar tsira, tare da wasu sinadarai masu ɗaci da ke cikinsa. Wannan bambanci yana da amfani, domin jiƙon ganyen darbejiya, wanda shi aka fi yi a ƙauye saboda sauƙinsa, shi ne mafi rauni. Ƙarfin yana cikin ƙwayar 'ya'yan, wadda wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinta mai ne.

Ana kuma ambaton citta, da kanumfari, da lalle, da zogale, da shuwaka, da ganyen gwanda, da ɗaɗɗoya. Kowannensu yana da abin da ya nuna a ɗakin gwaje-gwaje, kanumfari ma ƙarfinsa ya kai ya ƙona ganye idan ya yi yawa. A kasuwannin waje akwai magungunan da aka yi wa rajista waɗanda daga tsiro aka tatso su: Trilogy man darbejiya ne da aka tace, Timorex Gold daga man wata bishiyar Ostareliya, Regalia kuma daga wani tsiro na gabashin Asiya, wanda aikinsa zaburar da shuka ta tashi ta kare kanta.

Faranti da gona

Duk wanda ya leƙa ɗakin karatun tsangayar aikin gona a jami'o'inmu zai tarar da kundaye jibge a kan wannan batu. Yawancinsu hanya ɗaya suka bi. A narka abincin fumfuna, a zuba masa ruwan tafarnuwa ko na darbejiya, a juye a farantin gilashi, a ɗora ƙwayar cutar a tsakiya, a rufe, a ajiye mako guda, sannan a auna faɗin da ta yi a gwada da farantin da ba a sa wa komai ba. Sakamakon yakan faranta rai. Wani lokaci cutar ba ta ko motsawa.

Ba ƙarya suka yi ba, amma faranti ba gona ba ne. A faranti cutar tana kwance cikin maganin dare da rana, ba rana ba ruwan sama, ba ta da wurin gudu. A gona, hasken rana yana karya azadiraktin cikin 'yan kwanaki, alisin ya bi iska, ruwan sama ɗaya ya wanke ganye, shukar kuma kullum tana fitar da sabon tofo wanda feshin makon jiya bai taɓa ba. Saboda haka abin da ya yi abin mamaki a faranti yakan koma mai matsakaicin ƙarfi a fili. A kan mai farin gari, man darbejiya yana aiki sosai. A kan Altanariya yana rage saurin hawanta idan an fara da wuri, ba ya tsayar da ita cak. A kan Fitoftora a lokacin hazo da marka, wanda ya dogara da shi kaɗai ya yi sallama da gonarsa.

Dalilin a bayyane yake. Ruwan tsirrai a fatar ganye yake tsayawa, ba ya shiga jikin shuka ya bi cutar inda ta ɓuya. Kamar gidan sauro yake: yana hana cizo, ba ya sauke zazzaɓin da ya riga ya kama mutum. Ɗigon da ka gani yau, kwanaki ke nan da cutar ta shiga, kuma wannan ganyen ba zai koma kore ba ko me aka fesa masa. Feshin don ganyen da bai kamu ba ne. Mu kuwa al'adarmu sai mun ga ciwo da ido muke ɗaukar famfo, kuma a nan ne yawancin masu cewa "na gwada, ba ya aiki" suka makara.

Yadda ake haɗawa, da abin da yake ci

'Ya'yan darbejiya nunannu ake tsinta, waɗanda suka yi rawaya. A wanke naman tas, a shanya a inuwa su bushe ƙarau, a adana a buhun algarara ko kwando inda iska ke shiga, ba a leda ba. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce. 'Ya'yan da aka tara da laima suna yin fumfunar da ke haifar da dafin afalatoksin, irin wanda ke lalata gyaɗa, kuma ƙarfin maganinsu yana tafiya. Idan za a yi amfani da su, a sussuka a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar. Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne giram 50 na dakakkiyar ƙwaya a kowace lita ta ruwa. A jiƙa da yamma ya kwana, a tace da ƙyalle mai laushi har sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki.

Idan man ake da shi, aikin ya fi sauƙi: mililita 5 a kowace lita, wato mililita 80 a famfon goyo mai cin lita 16, kimanin cikin ƙaramin gwangwanin tumatir da ɗan ɗori. Mai ba ya haɗuwa da ruwa, don haka sai an fara kaɗa shi da ruwan sabulu mai ɗumi har ya yi fari, sannan a juye a famfo, ana tafiya ana girgizawa. Sabulun wanka marar turare ko sabulun salo ya fi, garin wanki yana ƙona ganye. Kada a ce bari a ninka don ya fi ƙarfi. Mai da ya yi yawa, ko aka fesa shi da tsakar rana a zafin bazara, soya ganyen zai yi ya kuma zubar da fure.

Ita tafarnuwa, a daka ta ɗanya, a bar ta minti goma ko sha biyar, a zuba ruwan sanyi, a tace, a fesa a ranar. Ba a ajiye ta sai gobe.

Da la'asar sakaliya ake feshi, lokacin da rana ta yi sanyi kuma ƙudan zuma ya koma gida. A jiƙa bayan ganye kamar yadda aka jiƙa samansa, a fara daga ganyen ƙasa. A maimaita duk mako, idan an yi ruwan sama mai ƙarfi kuma a sake. Kafin a bi gona duka, a gwada a kan shuka biyar ko shida a jira kwana biyu.

Yanzu sai lissafi, wanda masu tallan "maganin kyauta" ba sa son yi. Hekta ɗaya ta tumatir da ya rufe tana shan ruwan feshi wajen lita 300. A ma'aunin giram 50 a lita, kilo 15 ke nan na ƙwayar darbejiya a kowane feshi. Bishiyar da ta girma tana iya ba da 'ya'ya har kilo 50 a shekara, amma mafi yawan nauyin nama ne da ɓawo, ƙwayar kaɗan ce. Sai an tsinci gindin itatuwa da yawa, an wanke, an shanya, an daka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Idan tafarnuwa ce a wannan ma'auni, kilo 15 duk mako, ko a Wurno da Goronyo inda ake noma ta ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don haka tafarnuwa ta gadon reno ce da lambun bayan gida. Mai hekta kuwa, abin da zai fisshe shi shi ne man: lita ɗaya da rabi ya isa feshi guda. A ganina nan ne sana'a take kwance ba a tashe ta ba. Matan da suka iya matse man gyaɗa ba abin da zai gagare su a man darbejiya, in dai an tabbatar musu da mai saye.

Cutar da ke ƙarƙashin ƙasa

Fusariyam ba ruwanta da abin da aka fesa a ganye. Tana cikin jijiya, irinta kuma yana iya kwana shekaru a ƙasa yana jiran tumatir na gaba. Ta fi jin daɗi idan zafin ƙasa ya kai wajen digiri 28, abin da ba ya wuya a wurinmu. Babban makami a kanta iri ne. Tun a ƙarshen shekarun 1930 masana a Amurka suka samo juriyarta a jikin wani tumatirin daji mai ƙananan 'ya'ya na ƙasar Peru, suka shigar da ita cikin irin noma. Haruffan da ke jikin gwangwanin iri ba ado ba ne: a sunan Roma VF, harafin F yana nufin irin yana jure wani jinsi na Fusariyam. Wanda ke matse irinsa daga ragowar kwandon kasuwa bai san abin da ya ɗauko ba.

Tsiro yana da rawar da yake takawa a nan ma, amma ta ƙasa. Tunkuzar darbejiya, wato abin da ya rage bayan an matse mai, idan aka cuɗa ta da ƙasa mako biyu kafin dashe tana zama taki, tana kuma rage tsutsar saiwa, wadda ke kumbura saiwar ta buɗe wa Fusariyam ƙofa. Ragowar ganyen kabeji da aka sassara aka binne da laima yana sakin wani tururi mai yaji da ke rage cututtukan ƙasa. Ga gadon reno kuma akwai rana, wadda muke da ita har ta yi yawa. A 1976 Jaacov Katan da abokan aikinsa a Isra'ila suka nuna cewa idan aka jiƙa ƙasa aka rufe ta da farar leda mai nuna ciki na mako huɗu zuwa shida a lokacin zafi, yawancin cututtukan da ke samanta suna mutuwa. Watan Maris da Afrilu sun isa su yi wa mai shirin tumatirin damina wannan aiki.

Sauran kuwa tsohon ilimi ne: a huta wa gona daga tumatir da danginsa, su gauta da yalo da tattasai da dankalin Turawa, na shekara uku, a sa masara ko albasa ko alkama. A ba shuka tazara iska ta ratsa. A kafa mata sanda da damina. A cire ganyen ƙasa da suka kamu a fitar da su daga gonar, kada a zubar a cikin kwari. A ba da ruwa ta gindi. Feshin darbejiya a gonar da ba a yi wa waɗannan ba ɓarnar sabulu ne.

Ba duk na daji ne lafiya ba

Akwai masu ganin duk abin da ya fito daga tsiro ba ya cutarwa. Jiƙon taba yana kashe ƙwari, gaskiya ne, amma nikotin da ke cikinsa yana shiga ta fatar mai feshi, kuma ganyen taba yana iya ɗauke da bairos mai kama tumatir. Nonon tumfafiya idan ya shiga ido yana iya yi masa mummunar illa. Man darbejiya kansa dafi ne ga ƙaramin yaro idan ya sha, don haka ba a zuba shi a robar lemo a ajiye a tsakar gida.

Haka nan ba na cikin masu cewa maganin kanti haramun ne. Shi ma da lura ya fara. A 1882 wani malamin tsirrai a Faransa, Millardet, ya ga inabin bakin hanya da masu gona ke shafa wa shuɗin dutse da farar ƙasa don tsorata ɓarayi bai kamu da cutar da ta cinye sauran ba. Daga nan aka samu haɗin Bodo, kakan magungunan jan ƙarfe da ake sayarwa har yau. Idan Fitoftora ta shigo gona a Filato, ko Altanariya ta kai rabin shuka ana tsakiyar marka, na kanti ne zai ceci abin da ya rage.

Amma yana da nasa farashi bayan na aljihu. Metalaksil, sinadarin da ke cikin Ridomil na farko, bai daɗe da fitowa kasuwa ba sai ga shi a 1980 Fitoftora ta daina jin sa a Ailan da Holan, domin hanya ɗaya yake bi ya kashe ta, ita kuwa ta samo mafita. Ruwan tsirrai, da yake tarin sinadarai ne masu kai hari ta fuskoki da yawa, ya fi wuyar sabawa. Mankozeb, wannan garin rawaya da ke kusan kowane shagon feshi a Arewa, Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a ƙarshen 2020 saboda illarsa ga haihuwa. Kowace leda tana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka, amma tumatir idan ya fara nuna duk bayan 'yan kwanaki ake tsinkarsa, motar Legas kuma ba ta jira a Kwanar Gafan. A wannan gaɓar, makonnin tsinka, ruwan tsirrai ya fi ko'ina amfani, tare da gadon reno da farkon dashe. Na kanti a ajiye shi don ranar da wuta ta kama, a bi ma'auninsa, a rufe hanci da hannu.

Abin da ya rage yana hannun masana. Muna da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa mai hedikwata a Ibadan, da cibiyar INRAN a Nijar, da jami'o'i a kusan kowace jiha. Farantan sun isa haka. Manomi yana son a gaya masa, da Hausa, a rediyo da bakin malamin gona, gwangwani nawa a famfo, kwana nawa tsakanin feshi, a kan wace cuta, a wane wata, kuma kwando nawa zai ƙaru. Wannan sai an yi gwajin a Kura da Bunkure da Haɗeja, shekara biyu ko uku a jere, a gonakin mutane.

Kafin su yi, mai karatu, in kana da gona kada ka ɗauki maganata haka nan. A noman da ke tafe ware kunya shida a wuri ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Biyu ka fesa musu man darbejiya duk mako tun daga mako na biyu bayan dashe, biyu ka yi musu abin da ka saba, biyu kada ka fesa musu komai. Ka rubuta abin da ka kashe wa kowacce, ka ƙirga kwandunan da kowacce ta bayar, sannan ka kira maƙwabtan gonarka su gani.